Ku Tambaya: Yarona Zai Bi Gaɓar Teku a Ƙafa, In Bar Shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Babban yayan yaran nan ne yake karatun digiri na biyu a Exeter, ƙasar Ingila. Ya kira ni ya ce in sun gama jarrabawa a watan Yuni, shi da abokansa biyu za su yi mako biyu suna tafiya a ƙafa a bakin teku, duk inda dare ya yi musu su kafa tanti su kwana. Wai sunan hanyar South West Coast Path. Tun da ya faɗa mini barci ya ƙaurace wa idona. Yaron da ko Kubanni bai taɓa shiga ba, ina shi ina teku? Mahaifinsa ya rasu, shi kuma ya ce ba zai tafi ba sai na sa masa albarka. An ce mini ka yi zama a can. In hana shi ko in bar shi? Ina kuma so in aika masa kilishin guzuri.

Wata uwa, Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya kuma yi wa yaron nan albarka. Yana can inda babu idon kowa a kansa, amma ya tsaya neman izininki. Shawarata ki bar shi ya tafi, sai dai kafin ki sa albarkar akwai abubuwan da za ki sa ya amsa miki.

Na san hanyar. Lokacin da nake karatu a Plymouth na bi sassanta da ƙafata, wani lokaci yini guda, wani lokaci kwana huɗu ko biyar. Tsawonta kilomita 1,014 ne, daga garin Minehead zuwa Poole, kusan kamar daga Kano zuwa Legas. Masu binta gaba ɗaya kan yi mako bakwai ko takwas. A mako biyu, in su yaran suna cin kilomita 20 a yini, ba za su kai ko kashi ɗaya bisa uku ba. Na san mu yanzu da an ambaci kwana a daji sai gabanmu ya faɗi, saboda abin da muke gani a hanyoyinmu. Can ba haka take ba. Hanya ce da hukuma ta sani, da alamomi a kan turaku, tana ratsa ƙauyuka da gonaki, kuma da rani da wuya mutum ya yi awa guda bai gamu da wasu matafiya ba. Yawancinta ma a saman tudu take, teku na can ƙasa.

Asalinta turbar masu gadin gaɓa ce, waɗanda suke sintirin kama 'yan fasa-ƙwauri. Da yake aikinsu su leƙa kowane lungu da jirgi zai iya fakewa, turbar ba ta yanke, duk kwazazzabon da ta tarar sai ta gangara ta sake hawa. In aka tara hawan da ke cikinta ya kai wajen mita 35,000, kusan ninki huɗu na dutsen Everest. Tsakanin Hartland Quay da Bude, tafiyar kilomita 24 kawai, akwai kwari wajen goma. Ranar da na bi wurin sai na riƙa tuna hawan Kufena da muke yi muna samari, amma a ce da ka sauko a sake ce maka hau, har yamma, da kaya a bayanka. Saboda haka ki tambaye shi nauyin jakarsa. Kada ta wuce kashi ɗaya bisa biyar na nauyin jikinsa. Kada kuma ya tafi da sabon takalmi, ya fara yawo da shi tun yanzu, don bororo a ƙafa ya fi komai mayar da mutane gida.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne cikar teku da janyewarsa, domin mu 'yan tudu ba mu tashi da saninsa ba. Mu kogi muka sani, ya cika da damina ya ƙafe da rani. Shi teku a yini da dare sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa, wata ne ke jan ruwan. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara gaba da kusan minti 50, don haka wanda ya dogara da abin da ya gani jiya zai yi kuskure yau. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na sha huɗunsa. A wajen Minehead bambancin cika da janyewa kan kai mita 10, yana cikin mafiya girma a duniya.

Ni kaina ya taɓa rutsawa da ni. Na sauka wani lungu mai farin rairayi a kudancin Devon na yi sallar La'asar, na zauna ina cin dabino, ban duba jadawalin ruwa ba. Ko da na waiga, 'yar hanyar da na shigo ta tsakanin duwatsu ta zama ruwa. Babu ƙara, babu wata igiya mai ban tsoro, a hankali ya zagayo ta bayana. Na ɗora jaka a ka na ratsa, ruwa har ƙugu, sanyinsa kamar ana yanka ƙafafuna. Da na ƙara rabin awa, da sai dai a zo ceto. Akwai ma wurin da dole sai da lissafin, kamar bakin kogin Erme, inda babu gada babu jirgin fito. A ƙafa ake tsallakawa, kuma sai cikin awa guda kafin ƙarshen janyewar ruwa ko awa guda bayansa. To ki ce ya karanto miki jadawalin ranar farko ta waya. In ya iya gaya miki ƙarfe nawa ruwa zai cika a garin da za su fara, ya shirya. In ya yi inda-inda, ya je ya koya tukuna. Kuma kada su kuskura su kafa tanti a kan rairayin bakin ruwa, komai kyansa.

Maganar "duk inda dare ya yi mana" ita ma a gyara ta. A Ingila ba a kwana a filin mutum sai da izininsa, kuma gaɓar nan kusan kowane taku da mai shi. Wasu sassa na gandun dajin Dartmoor ne kawai aka yarda a kwana ba izini, su kuma ba a kan hanyar suke ba. Sikotilan ce ta ba da wannan dama da dokarta ta 2003. Wasu Turawa kan yi satar kwana su tashi da asuba, amma ɗanki baƙo ne mai bizar karatu, kuma samari baƙar fata uku a ƙauyen Cornwall ba za su ɓuya ba. Akwai filayen kwana na haya da yawa, da banɗaki da ruwan sha, wasu ma manoma ne ke bayar da gefen gonarsu. Su kama wuri tun kafin su tashi, don da rani cika suke yi.

Sanyin can ba irin hunturun Zariya ba ne. Namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, yayyafi da iska ko a watan Yuni. Ya tafi da rigar ruwa ta gaske, ya kuma ƙulle kaya kala ɗaya a leda waɗanda ba zai sa ba sai zai kwanta. Tunda bai iya iyo ba, teku iyakarsa idon sawu, ko da abokansa sun shiga. Bakin tudun kuma yakan zaftare, musamman a Dorset, kada ya matsa don ɗaukar hoto. Kowane dare ya duba jikinsa saboda kaska, tasu tana sa cutar Lyme. In sun tarar da shanu masu 'yan maruƙa su kewaye su a natse. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, lambar 999 ce, ya ce a haɗa shi da masu gadin gaɓa.

Salla ba za ta ba shi wuya ba. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya tabbatar. Ya dai tuna alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar yadda ya saba fuskanta a gida ba. Batun ƙasaru ya yi da malaminsa kafin ya tashi.

Kilishi kuwa, Hajiya, ki haƙura. Dokarsu ta hana shigar da nama daga irin ƙasashenmu, za a ƙwace ne a filin jirgi, wanda kika ba saƙon ma ya shiga matsala. Garin kwaki da gyaɗa da dabino duk zai samu a shagunan can. Kuɗin kilishin ki tura masa ya ƙara ya sayi takalmi mai kyau.

Sai ki sa ya rubuto miki sunayen garuruwan da za su kwana, rana bi rana, da lambar wayar abokan nan biyu, ki sa ƙannensa su kwafe a takarda. Ku yi alkawari zai turo saƙo kowace yamma in sun kafa tanti. Akwai kwarurrukan da waya ba ta kamawa, don haka in dare ɗaya ya wuce shiru kada hankalinki ya tashi, in ya kai biyu ki kira abokan. A watan Yuni agogonmu da nasu ɗaya ne, amma rana ba ta faɗuwa a can sai wajen tara da rabi. Lokacin da kika idar da Isha'i a Tudun Wada, shi ko Magariba bai yi ba, don haka ki ba shi har ƙarfe goma.