Gadar H, taura biyu da rumbun da ya ƙone

Tambayoyin wannan karon yawancinsu daga matasan Damagaram masu koyon haɗa kayan lantarki suka fito, kuma duk a kan abu guda ne: haɗin da ke sa ƙaramin moter ya yi gaba, ya kuma yi baya.

Wani ɗalibi a Jami'ar André Salifou ya ce: "Malam, da Faransanci ake koya mana pont en H. In zan yi wa ƙanena bayani, gada zan ce ko kadarko?"

Ɗana, ka ce gadar H. Kadarko tsohuwar kalmarmu ce, gada kuwa aro ce daga Ingilishi, daga sunan dogon ƙarfen da ake ɗora ginin a kai, amma ta zauna har ta fi ta gida yawo a baki. Sunan ya dace da zanen. Taransista huɗu ne, wato ƙananan makunnai masu buɗe wa wuta hanya ko su rufe, biyu a hagu, biyu a dama, ɗaya sama ɗaya ƙasa a kowane gefe, moter kuma shi ne sandar da ta gitta tsakiya. In ka kunna na saman hagu da na ƙasan dama, wuta ta ratsa moter daga hagu zuwa dama. In ka kashe su ka kunna sauran biyun, ta ratsa daga dama zuwa hagu, sai ya sake akala.

Sai dai a saƙonka gaɗa ka rubuta, da ɗ mai lanƙwasa, kuma wannan ya dame ni. Gaɗa wasan ƴan mata ne a dandali, da tafi da waƙa. Gada ta daji dabba ce. Gadar da ake haye kogi a kanta ita ce taka, kuma da d maras lanƙwasa ake rubuta ta. Da can kukana shi ne matasa sun yar da lanƙwasa gaba ɗaya, suna rubuta kofa maimakon ƙofa. Yanzu da wayoyi suka samu haruffan, sai ga wasu suna yayyafa ta ko'ina. Mutumin da zai zauna ya bambance ƙafafu uku na taransista, wadda ake ba umarni da biyun da wuta ke bi, bai kamata harafi biyu su gagare shi ba.

Wata ɗaliba daga Sabon Gari: "Mota, moto da moter asalinsu ɗaya?"

Ɗaya ne, ƴata, duk daga kalmar Latin mai nufin motsawa. Mota ta shigo ta Ingilishi, moto da moter ta Faransanci. Kada dai ki rubuta motar kina nufin moter, don mai karatu zai tsaya jiran jin ko motar wa.

Wani yaron shago a Kasuwar Dole: "Maigidana ya ce in kula da gadar, taura biyu ba ta taunuwa. To ai kullum taransista biyu ake kunnawa. Ina ma'anar?"

Tambayarka ta fi kowace daɗi. Wanda ya san taura ya san faɗinta da taurinta, guda ɗaya ma sai an yi da gaske. Karin maganar na nufin manyan ayyuka biyu ba sa yiwuwa ga mutum ɗaya lokaci ɗaya. Kana da gaskiya cewa gada ba ta aiki sai da biyu, amma biyun da ke gicciye da juna. Taurar da maigidanka ke nufi ita ce na sama da na ƙasa a gefe guda. In suka kunnu tare, wuta ta samu hanya daga kan batir zuwa gindinsa ba tare da ta bi ta moter ba, babu abin da zai tare ta, kafin ka ɗaga hannu sun yi zafi sun ƙone.

Abin da ke yaudarar masu koyo shi ne taransista ba ya mutuwa nan take da aka janye masa umarni, yana ɗan jinkiri wanda ido ba ya gani. Saboda haka ake kashe duka huɗun, a dakata kaɗan, sannan a kunna biyun da ake so. Nan ne wurin faɗin sauri ya haifi nawa: ka ƙi jiran abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ka koma kasuwa neman sabon taransista. Kuma nawa ɗin nan jinkiri ne, ba nawa ta tambayar kuɗi ba. Na sha jin masu gabatar da shiri suna ɗaga murya a ƙarshensa kamar suna ciniki.

Wani daga Zango: "Na ƙona taransista, abokina ya ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Daidai ne?"

A'a. Ana faɗin wannan ga wanda ya yi ɓarna da gangan don yana da abin da ya taka. Kai kuskure ka yi. Da ya ce rigakafi ya fi magani, da ya yi maka amfani. Wayar da ke naɗe cikin moter, in aka yanke mata wuta farat ɗaya, takan mayar da wata mai ƙarfi da ke fasa taransista. Rigakafin shi ne diyod huɗu, wato ƴan abubuwan da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, ɗaya a jikin kowane taransista. L293D, ɗan guntun da ke ɗauke da gadar a haɗe, da nasa diyod yake zuwa a ciki, yana ɗaukar miliampiya 600 a kowace hanya. L298, wani guntun irinsa, yana kai ampiya 2, amma sai an sa masa diyod daga waje.

Wani malamin lakwal: "Me ya sa ba za mu raɗa wa taransista sunan Hausa ba? Kakana rediyo yake kira haka."

Kakanka bai yi kuskure ba, Mushe. An ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, a ɗakin bincike na Bell, ƙaramar rediyon da ke aiki da shi ta shiga kasuwa a 1954, sai sunan abin da ke ciki ya bi akwatin, har a Faransanci.

Batun raɗa suna kuwa, ba na son na ofis, wanda ake zama a ƙaga a tura wa jama'a. Dubi maƙeranmu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har igwa aka ƙera a garin nan. Uwar maƙera, masaba, zugazugi, awartaki, babu wanda malamin harshe ya raɗa. Daga bakin masu aikin suka fito, shi ya sa suka daɗe. Taransista da diyod su zauna yadda suke. Abin da nake nema ga masu shaguna shi ne su yi bayanin aikin da Hausa, har yaro ya iya faɗin ta ina wuta ta shiga, ta ina ta fita.

Ta ƙarshe: "Moter ya juya, me ake nufi?"

Juyawa kala biyu ce, ta zagaye da ta komawa baya. In ta biyun kake nufi, ka ce ya juya da baya, kada mai taya ka aiki ya sauya wayoyin da ke daidai.