Ka ɗibi jini kafin ka ba da magani

Ƙanena, saƙonka shi ne na huɗu a watan nan daga masu son zuwa Ingila koyon aikin zuciya. Maganar jarrabawa da biza ka riga ka sani, ba zan ɓata bakina ba. Abin da ya kunyata ni zan faɗa maka.

Ban cika wata biyu da fara aiki a Ingila ba aka kawo wani dattijo da aka dasa wa bawul na ƙarfe a zuciya. Wata uku yana fama da zazzaɓi da rama da gumin dare. Da saurin hannuna na sa aka fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta. Washegari babban likita ya tambaye ni a gaban ɗalibai, ina jinin da na ɗiba kafin allura? Babu. Kallon da ya yi mini kamar a kasuwa na sayo takardar shaidata. Har yau abin yana ci mini rai.

Ƙa'ida ita ce a ɗibi jini sau uku daga jijiyoyi daban-daban tukuna, a zuba a kwalba a jira ƙwayar cuta ta tsiro, don in allura ta riga shiga jiki takan hana ta tsirowa. Da ƙyar daga baya ƙwayar ta tsiro: Cardiobacterium hominis, ɗaya daga dangin ƙwayoyin cutar da ake kira HACEK. A baki suke zaune lafiya lau, sai dasashi ya yi jini ko an cire haƙori su bi jini su maƙale a bawul. Ba su wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na masu wannan ciwo na ƙwayoyi a bawul ɗin zuciya (endocarditis) ba, kuma jinkirin tsiro gare su. Da can har mako uku ake jiran kwalba, injinan yanzu yawanci suna gano su cikin kwana 5. Hoton da ake ɗauka ta ƙirji bai nuna komai ba, sai da aka zura na'ura ta maƙogwaro aka ga curin ƙwayoyin maƙale a bawul yana reto, irin wanda kan ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa.

Magani ceftriaxone ne, giram 2 kullum, mako 6 ga bawul na dashe, mako 4 ga na halitta. Kada ka dogara da ampicillin sai gwaji ya tabbatar, wasunsu na karya shi.

Amma ka san wa ya buɗe bakin dattijon ya ga ruɓaɓɓen turmi? Ni. Duk injinansu ba wanda ya leƙa. Ba wanda ya ce sannu kuma.

In za ka iya haɗiye irin wannan, turo takardunka in duba.