Gyaran hanji zai kore min faɗuwar gaba?

TAMBAYA: Likita, na daɗe ina fama da faɗuwar gaba da rashin barci, ga kumburin ciki. Wata a WhatsApp tana tallar garin "firibayotik", wai yana gyara hanji, ya sauke kumburin ƙwaƙwalwa. In saya in bar maganin asibiti? Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Maganin asibiti dai kada ki taɓa shi sai da izinin likitanki. Wasu irinsa in an yanke su lokaci guda, ciwon kan dawo har ya fi na da.

Ita kuwa mai tallar, akwai ƙamshin gaskiya a zancenta, sai dai ta sa gishiri. Firibayotik ɓangaren abinci ne da cikinmu ba ya narkarwa. Haka yake gangarawa babban hanji, inda ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke cinye shi, su fitar da wasu sinadarai, irin su butiret, masu ƙarfafa bangon hanji. Bangon in ya yi rauni, gubar wasu ƙwayoyin kan tsallaka cikin jini ta tayar da kumburi. Kuma hanji da ƙwaƙwalwa na aika wa juna saƙo ta wata doguwar jijiya mai suna bagus.

To ina hujja? A 2004 masana a Japan sun ga ɓerayen da aka raina babu ƙwaya ko ɗaya a hanjinsu, in an takura su, sinadarin tashin hankali na hauhawa a jikinsu fiye da na sauran. A 2015 aka gano a Jamus cewa ƙwayoyin halitta masu tsaron ƙwaƙwalwar irin waɗannan ɓeraye ba sa girma yadda ya kamata sai an ba su sinadaran hanjin nan. Amma fa ɓeraye ne. A mutane, wani gwaji a Jami'ar Oxford ya ba mutum 45, wasu firibayotik wasu na bogi, tsawon mako 3. Masu shan wani nau'i ɗaya na firibayotik ɗin, kotisol ɗinsu na safe, wato sinadarin tashin hankali, ya ragu. Lafiyayyu ne kuwa, ba masu ciwo irin naki ba. A ganina wannan bai kai a ce an samu magani ba.

Kuɗin garin nan, ki kai shi cefane: albasa, tafarnuwa, wake, aya, kuɓewa, miyar kuka, gero da dawa da ba a surfe su fes ba. Ki haɗa da kindirmo mai tsabta. Amma da yake cikinki na kumbura, ki fara kaɗan-kaɗan, don wake da ɗanyar albasa su ne kan gaba wajen tara iska.

In kin koma asibiti, ki nemi a auna miki jini, a duba maƙoƙo. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duka suna sa bugun zuciya, haka ma shayi mai yawan ganye da dare.