Yaya za mu raba samarin ƙauyenmu da taba sigari?

Malam, ka tambayi yadda za ku rage shan taba a ƙauyenku na wajen Ringim. Ku fara da masu tireda, don a wurinsu yara ke sayen kara ɗaya. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara-kara. Mai unguwa ya tara su ya faɗa musu, liman kuma ya taɓo batun a huɗuba.

Kada a kunyata yaro a bainar jama'a, bayan gari zai koma yana zuƙa. Shisha ma taba ce, kada a ruɗe ku. Wanda tari ya wuce masa mako biyu, a kai shi asibiti gwajin tarin fuka.