Yadi ya taru, lissafi ya ɓace: yaya zan san abin da nake da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗinkin kayan sawa, ina kuma haɗa bargo irin wanda ake jera ƙananan ƙyallaye a ɗinke su, a sa auduga a tsakiya, a yi masa baya. Yadina ya cika akwati uku da wani ɓangare na kabad. Sau biyu ke nan ina sayo yadin da ashe ina da irinsa, kwanan nan kuma na fara bargo, ina tsakiyar aiki launi ɗaya ya ƙare, na koma nema ban samu ba. Na taɓa buɗe littafi na rubuta komai, bayan wata biyu abin da ke littafin da abin da ke akwatin suka raba hanya. Wace hanya ce mai ɗorewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Littafinki bai lalace ranar da kika sayo yadi ba, ranar da kika sa almakashi ya lalace. Kusan kowa yana rubuta sabon yadi, don a lokacin ana ɗokinsa. Amma idan aka yanki inci ashirin ana sauri, aka ninke sauran aka jefa akwati, ba mai tashi ya je neman littafi. Yanka uku irin wannan sun isa su mai da littafin maƙaryaci. Saboda haka gyaran farko shi ne lissafin ya zauna a jikin yadin kansa, littafi ya zama na biyu.

Ki yanka kati ɗan ƙarami, kamar inci biyu da inci uku, ki huda shi, ki ɗaura shi a bakin yadin da zare. Kada ki yi amfani da fil na ƙarfe, domin idan wurin yana da danshi zai yi tsatsa, tabon tsatsa kuma da wuya ya fita daga auduga. Salatif ma ba shi da kyau, yana barin danƙo. A fuskar katin ki rubuta lamba, irin yadin, faɗinsa, tsawonsa, da ko an wanke shi ko ba a wanke ba. Bayan katin ki bar shi fili, nan ne wurin ragi. Duk lokacin da kika yanka, kafin ki ninke yadin, ki soke tsohon tsawo ki rubuta sabo. Ki ɗaure fensir da igiya a jikin teburin yanka don kada neman abin rubutu ya zama uzuri. Fensir ya fi biro a nan, domin tawada tana iya naso ta kama yadin.

Lambar kada ki wahalar da ita. Ki fara daga 001 ki yi ta tafiya, kuma lambar da yadinta ya ƙare kada ki sake ba wani. Masu ƙoƙarin cusa launi da iri da shekara cikin lamba ɗaya sukan gaji kafin su kai yadi na talatin.

Sai batun awo, inda yawancin kuskure yake. Tun da kalmar yadi a bakinmu tana nufin tufar kuma tana nufin ma'aunin, ki riƙa rubuta tsawo da inci ko santimita don kada ki rikita kanki. Yadi ɗaya inci 36 ne, wato santimita 91 da ɗan ɗori. Mita ɗaya kuwa inci 39 ne da ɗoriya. Bambancin inci uku ne da kaɗan, amma a mita biyar ya kusa rabin yadi. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa, wanda tef ɗinki da tsarin ɗinkinki suka fi amfani da shi.

Tsawo shi kaɗai ba ya gaya miki komai sai an haɗa da faɗi. Yadin audugar da ake haɗa bargo da shi yawanci faɗinsa inci 42 zuwa 44 ne, yadin kayan sawa da yawa yana kaiwa inci 58 zuwa 60, akwai kuma wanda ake yi musamman don bayan bargo mai faɗin inci 108. Abin da za ki rubuta shi ne faɗin da zai yi aiki, wato bayan kin cire bakin nan mai tauri na gefe biyu. Wannan baki saƙarsa ta fi ta sauran yadin matsewa, idan ya shiga ɗinki yakan tattare bayan wanki. A yadi mai inci 44, ki yi lissafi da 40, ba za ki ji kunya ba.

Ga abin da ya fi komai muhimmanci ga wadda take ɗinkin kaya da bargo a lokaci guda. Yadin da aka yanki hannun riga ko wuya daga cikinsa ya daina zama mai kusurwa huɗu. Idan kika auna shi ta gefe mai tsawo kika rubuta inci 50, ranar da kika zo yanka za ki tarar da rami a tsakiya. Ki shimfiɗa shi, ki nemo yanki mafi girma mai kusurwa huɗu da za a iya fitarwa ba tare da rami ba, shi za ki rubuta, misali 32 da 40. Kunnuwan da suka yi saura ki datse su nan take ki kai su wurin guntaye. Yadi yana fin daɗin ninkewa ma idan an yi masa haka.

Wanki kuma yana canja lissafi. Auduga takan tsuke da kamar kashi uku zuwa biyar cikin ɗari a wankin farko, mai gashi-gashi irin na kayan sanyi ya fi haka. Yadi uku, wato inci 108, zai iya dawowa 104 ko ƙasa. Ko ki wanke kowane yadi ranar da ya shigo sannan ki auna, ko ki bar su duka ba wanki, amma katin ya faɗi gaskiya. Idan kika haɗa wankakke da wanda bai ga ruwa ba a bargo ɗaya, ranar wankin farko ɗaya zai ja ɗaya ya tsaya, ɗinkin ya yamutse. A ganina wanke su tun farko ya fi, musamman ja da shuɗi mai duhu da baƙi, domin nan za ki gane mai zuba. Ki jiƙa ɗan guntu, ki matse shi a cikin farin ƙyalle, idan ya bar launi ki rubuta “yana zuba” a katin da manyan baƙaƙe. Yadi ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin wata uku.

Yanzu littafi. Aikinsa shi ne ki ga abin da kike da shi ba tare da kin zazzage akwati ba. Kowane yadi layi ɗaya: lamba, ɗan guntunsa kamar inci ɗaya a manne da gam ko a ɗinke, iri, faɗi, tsawo da fensir, wurin da yake, da inda kika saya da ranar. Wurin ajiya ki ba shi suna mai sauƙi, akwati A, akwati B, kabad layi na biyu. Ba sai kin gyara littafin kullum ba. Katin ne yake ɗauke da gaskiyar yau da kullum, littafin kuma ki daidaita shi duk lokacin da kika gama aiki ɗaya, kafin ki mayar da yadudduka mazauninsu. Idan kin fi son waya, Excel ko Google Sheets za su yi, suna da amfanin cewa kina iya tace duk shuɗi ko duk abin da ya haura yadi biyu cikin daƙiƙa. Sai dai hoton waya ba abin dogaro ba ne wajen launi. Yadi ɗaya zai fito launi uku a ƙarƙashin fitila uku. Hoto zai tuna miki zanen, amma wajen dacewar launi guntun gaske za ki riƙe a hannu. Ki yi ɗan zoben guntaye masu lamba ki riƙa sa shi a jaka idan za ki sayayya. Wannan kaɗai zai kashe matsalar sayen abin da kike da shi.

Kada ki yar da bakin yadin da ke da rubutu. A yadin bargo da yawa ana buga sunan kamfani da sunan zanen a wurin, tare da ɗige-ɗigen launukan da aka yi amfani da su. Ki yanke wannan yanki ki manna a littafin kusa da lambar. Idan kina neman ƙari, shi ne shaidarki. Amma ki sani ko kin samu zane iri ɗaya, idan ba rini ɗaya aka yi musu ba launin yana iya ɗan bambanta, bambancin da ba ya fitowa a shago sai an jera su a bargo. Kamfanoni kuma sukan daina buga zane bayan wani lokaci. Shi ya sa maganin abin da ya same ki ba ya wajen nema, yana wajen lissafi kafin a sa almakashi.

Bari mu yi lissafin da misali. A ce kina son murabba'ai masu inci biyar. Faɗin inci 40 zai ba ki takwas a ziri ɗaya, yadi ɗaya kuma zai ba ki ziri bakwai, jimilla 56. Idan tsarin bargon yana buƙatar 70 na launin nan, ziri tara kike so, inci 45, ki ƙara kashi goma cikin ɗari don kuskuren yanka da daidaita baki, ya zama kamar inci 50. Idan katin ya ce tsawon inci 44 ne, to kada ki fara. Ko ki canja launi, ko ki raba aikin tsakanin launuka biyu tun daga farko yadda zai zama kamar da gangan ne. Ga bargo mai inci 60 da 80, bayansa yana son rarar inci huɗu ta kowane gefe, wato 68 da 88. Da yadi mai faɗin 42 sai kin haɗa tsawo biyu na inci 88, kusan yadi biyar ke nan. Zirin lulluɓe baki kuma: kewayen bargon inci 280 ne, ki ƙara 12 don kusurwoyi da haɗi, ki raba da 40, ya ba ki ziri takwas. Kowanne faɗinsa inci biyu da rabi, jimilla inci 20.

Da zarar lissafin ya fito, ki ware yadin. Ki yanke abin da aikin yake buƙata, ki sa shi a jaka ɗaya da zarensa da takardar tsarin, ki cire shi daga katin nan take. Yadin da aka yi wa alkawari a zuci amma aka bar shi cikin 'yan'uwansa, wata rana shi za a yanka a yi aljihu.

Guntaye kada ki ba su lamba ɗaya-ɗaya, za ki gaji ki watsar da komai. Ki sa iyaka: abin da ya kai inci 18 da 22, wato kwatar nan mai faɗi da masu bargo suke saye, yana da kati. Wanda bai kai ba ya tafi wurin guntaye, a raba su bisa launi, ko mafi kyau bisa haske da duhu, tun da abin da ke fito da zanen bargo ke nan. In kina da lokaci ki yanka su zuwa girman da kika fi amfani da shi, inci biyu da rabi ko biyar, ki ɗaure su ashirin-ashirin. In kuma kina son sanin yawansu a dunƙule, ki ɗora a sikeli. Ki fara auna nauyin yadi ɗaya cikakke na irin audugar, a ce ya ba ki giram 150, to jakar guntaye mai giram 600 kusan yadi huɗu ce. Sai dai ki tuna ɗinki yana cin kwatan inci ta kowane gefe. Murabba'i mai inci biyu da rabi yana komawa inci biyu, sama da kashi ɗaya cikin uku na yadin ya shige cikin ɗinki ke nan.

Ajiya ma ɓangaren lissafi ce, domin yadin da ya lalace ba ya cikin abin da kike da shi ko da littafi ya ce yana nan. Yadin da aka jibga a kwance na ƙasa ba ya ganuwa, abin da ba a gani kuwa shi ake sake saye. Ki naɗe kowanne a jikin farantin roba ko kwali mai ƙarfi, ki jera su a tsaye kamar littattafai, katin yana leƙowa ta sama. Idan faɗin farantin inci takwas ne, zagaye ɗaya inci 16 ne, kina iya ƙirga zagaye ki san kusan tsawon ba tare da kin warware ba. Kwalin da ba a yi shi don ajiyar tufa ba yakan sa farin yadi ya yi rawaya idan ya daɗe, haka ma katakon da ba a shafe ba, don haka ki shimfiɗa tsohon farin ƙyalle a tsakani. Rana tana koɗar da launi daidai kan ninki, sai ki buɗe ki ga layi fari ya ratsa tsakiya. Leda a ɗaure tana riƙe danshi ta jawo fumfuna. Yadin da aka sa wa sitaci yana kiran ƙwari, ki bari sai za ki yanka sannan ki sa. Ulu kuma ki raba shi da sauran saboda asu.

Idan kika ci karo da yadin da ba ki san irinsa ba, ki yanki ɗan ƙarami ki riƙe da abin matsewa ki ƙona shi a kan faranti, da ruwa a kusa. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, tokarta laushi gare ta. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Ulu da siliki suna ƙaurin gashi.

Akwati ukun nan kada ki ce za ki gama su rana ɗaya. Ki fara da abin da ya haura yadi ɗaya, su ne masu tsada kuma su ne ake yawan maimaita saye, akwati ɗaya a zama ɗaya. Audugar tsakiyar bargo da yadin shafin cikin riga su ma ki ba su kati iri ɗaya. Zare da zif da maɓallai kuwa shafi guda a ƙarshen littafin ya ishe su: launi, lambar da ke jikin kwarkwaron zaren, tsawon zif, da adadin da ya rage.