Zan hau duwatsun Shere da ƙanena a damina, igiya za ta tsare shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saba hawan duwatsun Shere na Jos da rani. Yanzu ƙanena ya zo hutu cikin watan Agusta, ya nace sai na kai shi, alhali bai taɓa hawan abin da ya wuce matakalar Dala ba. Wani mai yi wa mutane jagora ya ce kada ruwa ya dame ni, zai kawo igiya mu ɗaura a ƙugu ni da yaron, in ya zame in riƙe shi. Hankalina bai kwanta ba, don Hajiya amanarsa ta ba ni.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Wannan igiyar ita ce abu mafi haɗari a cikin shirin naku, ta fi ruwan.

Igiya ba ta riƙe kowa sai tana da turke, wato an ɗaure ta a jikin dutsen da ba ya motsi ko an kafa ƙarfe a tsaguwarsa, kuma akwai wanda ya zauna daram yana sakin ta kaɗan kaɗan. In babu wannan, kai ne turken, kai kuma tsaye kake a kan jiƙaƙƙen falalen dutse. A ce ƙanenka kilo 60 ne. Idan igiyar ta yi sako-sako da mita 2 kawai, kafin ta miƙe ya riga ya ɗauki gudu, fizgar da za ta zo maka ta ninka nauyinsa, kuma a ƙugu za ta same ka ba shiri. Kamar cikakken guga ne ya ja mai jan ruwa cikin rijiya. Maimakon mutum ɗaya ya faɗi ɗaya ya nemo taimako, ku biyu za ku tafi.

Ko da an yi sa'a ta maƙale, igiyar da aka zarga a ƙugu ba ta zama a ƙugu. Sama take zamewa ta shaƙe haƙarƙari, wanda ke reto ya kasa numfashi. Shi ya sa masu sana'ar ke sa ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi, da igiya ta musamman mai ɗan talewa don ta sha fizga. Abin da irin waɗannan jagororin ke ratayowa a kafaɗa sau da yawa igiyar leda ce ta ɗaure kaya a mota, wadda gefen dutse ke iya yankewa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙarfin halin ƙarya da take sa wa baƙon hawa: yana ganin an ɗaure shi sai ya taka inda da ba zai taka ba. Ka tambayi jagoran a ina zai kafa turke, kuma da wane ƙulli. In ya fara kame-kame, ka sallame shi.

Shawarata ku bar tafiyar sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba. In kuwa hutun ba zai kai ba, ku zaɓi hanyar da ƙafa kaɗai ke bi, ku fita da ƙarfe 7 na safe, ku juyo kafin azahar ko kun kai ƙololuwa ko ba ku kai ba, don hadari ya fi tasowa da yamma, galibi daga gabas. Takalmi mai ƙasan roba mai zane, ba silifas ba. Baƙin zanen da kake gani a jikin dutse hanyar ruwa ce mai gansakuka, kada ku taka. Inda sai an dafa, kai ne a ƙasa da shi, a hawa da sauka, kana nuna masa matakin ƙafa. Ya fuskanci dutsen, ya motsa hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya, sauran ukun na riƙe. Kada ka ja shi da hannu, kuma kada ka hau da shi inda ba zai iya saukowa ba.

Ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, jiƙaƙƙiyar riga da iska na iya sa shi karkarwa har hannunsa ya daina riƙo. Ku tafi da rigar ruwa da busasshiyar rigar sanyi a cikin leda.

Idan an yi walƙiya, ka ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 nisan kusan kilomita 1 ce tsakaninku da walƙiyar, ƙasa da daƙiƙa 30 kuwa ku sauka nan take. Ban da fakewa a bakin ƙaramin kogo ko ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma ku ba juna tazarar mita 15. Wanda aradu ta faɗa wa babu sauran wuta a jikinsa. A taɓa shi, in ba ya numfashi a fara danna ƙirjinsa, kada a tsaya neman nonon da za a zuba masa.