Direba ya ƙi ɗaukar mahaifina saboda kekensa: me doka ta tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum, Lauya. Ni mazaunin Jidda ne, a nan aka haife ni, kuma ni da mahaifina duk iƙama, wato katin izinin zama na baƙi a Saudiyya, muke riƙe da ita. Shekara biyu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki, tun daga lokacin a keken guragu yake, wanda muke kira arabiyya, amma hankalinsa garau yake. A watan jiya na yanka mana tikiti biyu ta waya a wani kamfanin bas domin mu je Madina ziyara. Da muka isa tasha, yaron kaya ya karɓi keken ya cusa shi ƙarƙashin mota cikin akwatuna, ni kuma na tallafo Baba zuwa bakin ƙofa. Direba na ganinmu ya ce shi ba is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya, yake tuƙawa ba, kuma ba zai ɗauki wanda ba ya iya hawa matakala da ƙafarsa ba. Na roƙe shi, wasu fasinjoji suka sa baki, ya ƙeƙashe ƙasa. Da aka fito da keken sai muka tarar ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe, birkin kuma ya karye. Daga ƙarshe kaddadi, wato mai ɗaukar fasinja ba lasisi, muka ɗauka da tsada, kuɗin tikitin kuwa har yau ba a dawo mana da shi ba. Na ɗauki bidiyon abin da ya faru, abokaina suna ta cewa in saka a TikTok. Baba kuma yana cewa a bar wa Allah, tunda mu baƙi ne. Shin muna da wani hakki? Kuma da gaske ne ana rage wa irinsu rabin kuɗin mota?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri a kan hidimarsa. Zan fara da bidiyon, domin shi ne abin da zai iya juyar da kai daga mai ƙara zuwa wanda ake tuhuma cikin dare ɗaya. Kada ka saka shi a TikTok, kada ka tura shi rukunin WhatsApp na 'yan unguwa, kuma idan ka riga ka tura wa wani, ka nemi ya goge. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007, a sashe na 3, ta tanadi ɗauri har shekara ɗaya, ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar kyamarar waya ko ya ɓata masa suna ta kafafen sadarwa, kuma kasancewar direban ya yi laifi ba ya zame maka kariya idan ka yaɗa fuskarsa a duniya. Wannan bidiyon dai, idan ya tsaya a wayarka har ya isa hannun hukuma, hujja ce mai amfani, domin dokar shaida da ta fara aiki a 2022 ta amince da hujjar da aka adana a na'ura. Ka ajiye shi yadda yake, ba yankewa ba ƙarin rubutu a kai, ka haɗa shi da saƙon da ya tabbatar da tikitin da shaidar cirar kuɗi daga banki.

Game da maganar Baba cewa ku baƙi ne, ina girmama haƙurinsa, amma doka ba haka ta kalli lamarin ba. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin masu naƙasa a 2008, wadda sashenta na 9 ya ɗora wa ƙasa nauyin sauƙaƙa musu shiga gine-gine, hanyoyi da ababen hawa daidai da sauran jama'a. A 2023 kuma aka fitar da sabuwar dokar hakkin masu naƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar kula da naƙasassu ta 2000. Ko sunan ma ya nuna inda aka dosa, domin an tashi daga maganar kulawa an koma maganar hakki. Sabuwar dokar ta fassara mai naƙasa da duk mutumin da yake da tawaya mai ɗorewa a jiki, ko hankali, ko gaɓoɓin ji da gani, wadda za ta iya hana shi shiga harkokin jama'a kamar kowa, ta kuma haramta cin zarafinsa, da tauye masa hakki, da yi masa izgili. Baya ga wannan, mahaifinka fasinja ne da ya biya kuɗi, kamfani ya karɓa ya ba shi kujera. Daga wannan lokacin an ƙulla yarjejeniya tsakaninsu, kuma yarjejeniyar ɗaukar fasinja ba ta tambayar launin katin shaidar da ke aljihunsa.

Hukumar da ke da iko kai tsaye a kan kamfanin ita ce Babbar Hukumar Sufuri, wadda ake kira Hai'atul Amma lin Naƙl, domin ita ke ba da lasisin bas da tasi da motocin da ake kira ta manhaja, ita ce kuma ke cin tarar wanda ya saɓa. Tana da ƙa'idoji a rubuce kan hakki da wajibcin masu amfani da sufurin jama'a, waɗanda suka shafi bas na cikin gari, da na tsakanin garuruwa, da jirgin ƙasa, kuma an ambaci masu naƙasa a cikinsu a matsayin waɗanda ake sauƙaƙa wa tafiya.

Sai dai dole in gaya maka abin da kamfanin zai kare kansa da shi, domin kada ka je da zaton za a ba ka gaskiya tun daga bakin ƙofa. Za su ce motar da aka sa a layin a ranar mai dogon matakala ce, ba ta da abin ɗaga keke, kuma ɗaukar wanda ba zai iya sauka da kansa ba idan hatsari ya taso kasada ce ga rayuwarsa. Wannan ba maganar banza ba ce, kuma duk mai sauraron ƙorafi zai saurare ta. Za su kuma tambaya ko ka sanar da su halin fasinjan lokacin da kake yankar tikiti. Idan shafin sayen tikitin yana da wurin da ake nuna buƙata ta musamman ba ka cike ba, wannan zai rage maka ƙarfi. Idan kuwa babu irin wannan wuri, ka koma shafin yau ka ɗauki hotonsa mataki bayan mataki, domin hakan na nuna cewa kamfanin bai ba ka hanyar sanarwa ba. A ganina, ko da an karɓi uzurin motar, akwai abubuwan da uzurin ba ya wankewa. Baba ba shi kaɗai ya zo ba, yana tare da ɗansa da ya nuna zai tallafe shi hawa da sauka. Direban bai kira shugaban tasha ba, bai nema muku wata motar da ta dace ba, kuma an riƙe kuɗin aikin da ba a yi ba. Uwa uba, an karɓi keke lafiyayye an dawo da shi a karye, wanda ba shi da alaƙa da tsawon matakala ko kaɗan.

Keken shi ne ɓangaren da ya fi ƙarfi a lamarinku. Dokar mu'amalar jama'a ta 2023 ta bayyana a sashe na 120 cewa duk kuskuren da ya jawo wa wani cuta, wanda ya aikata shi ne zai biya diyya, ta kuma ɗora wa mai gida alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Saboda haka ba ka buƙatar neman yaron kayan ko sanin sunansa, kamfanin ne abokin shari'arka. Kafin ka gyara keken, ka ɗauki hoton ƙafar da birkin ta kowane ɓangare, ka kai shi shagon kayan asibiti su rubuta maka kuɗin gyara a takarda mai hatimi, kuma idan rasitin sayensa yana nan ka nemo shi. Idan ka riga ka gyara, rasitin gyaran ya wadatar. Sashe na 138 na wannan doka ya yarda da diyyar cutarwar da ba ta dukiya ba, irin ta wulaƙanci da ɓacin rai, amma alƙali ne ke ƙiyasta ta bisa abin da ya gani, kuma ba zan sa maka ran wani kuɗi mai yawa ta nan ba. Kuɗin kaddadi ne ya fi wahala. Mai ɗaukar fasinja ba lasisi ba ya ba da rasiti, aikinsa ma doka ta hana, saboda haka tabbatar da abin da ka biya zai yi wuya, sai fa idan ta banki ka tura masa.

Ka fara da kamfanin, a rubuce. Ka shigar da ƙorafi ta manhajarsu ko imel ɗinsu da Larabci, ka faɗi rana da lokaci da lambar tafiya da lambar kujera, ka bayyana abin da ya faru cikin 'yan layuka ba tare da zagi ba, sannan ka faɗi abin da kake nema ƙarara, wato kuɗin tikiti biyu da kuɗin gyaran keke. Ka tabbata an ba ka lambar ƙorafi. Na sha ganin mutanenmu sun je ofis sun yi ta ɗaga murya a gaban ma'aikacin kanta, sun dawo gida babu ko takarda ɗaya da ke nuna sun je, alhali abin da hukuma za ta fara tambaya ke nan. Idan suka yi shiru ko suka ƙi, sai ka kai wa Hukumar Sufuri ta shafinta ko ta lambarta ta bai ɗaya, 19929, ka haɗa da lambar ƙorafin farko da hujjojinka. Ka sani cewa tarar da hukuma za ta ci kamfani ta gwamnati ce, ba aljihunka za ta shiga ba, amma kamfanin da ya ga an buɗe masa fayil a wurin mai ba shi lasisi yakan fi saurin neman sulhu. Kana kuma iya sanar da Hukumar Kula da Masu Naƙasa, wadda aka kafa a 2018, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam, musamman a kan kalmar is'af da aka jefa wa dattijo a gaban jama'a. Ban ba ka shawarar fara kai wannan kalma wurin 'yan sanda ba, domin jumla ɗaya da aka faɗa cikin hayaniyar tasha tana da wuyar tsayawa a matsayin laifi, ko da yake tana ƙara wa ƙorafinka nauyi.

Kotu ita ce ta ƙarshe. Ana shigar da ƙara ta dandalin Najiz na Ma'aikatar Shari'a, akwai kuma dandalin sulhu na Taradi, wanda ya fi dacewa da ƙaramin kuɗi irin wannan. Tunda Baba ne mai keken kuma shi aka hana hawa, shi ne mai ƙara, kai kuwa kana buƙatar wakala daga gare shi kafin ka tsaya a madadinsa. Da yake hankalinsa ƙalau yake, zai iya fitar maka da ita ta Najiz daga gida, amma sai ya shiga ta Nafaz, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, don haka ku tabbata iƙamarsa ba ta ƙare ba. Sashe na 143 ya ce ba a sauraron ƙarar diyyar ɓarna bayan shekara 3 daga ranar da mutum ya san cutar da wanda ya yi ta. Wa'adin yana da faɗi, amma kada ya ruɗe ka, domin hoton kyamarar tasha ba a daɗe da ajiye shi, fasinjojin da suka sa baki kuma kowa ya kama gabansa.

Rangwamen rabin kuɗi gaskiya ne, amma mutane da yawa suna cakuɗa shi da hakkin hawa, alhali abu biyu ne daban. Rangwamen yana bin kati ne, katin kuma yana fitowa daga Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Cigaban Al'umma bayan an tantance naƙasar da rahoton likita, kuma sharuɗɗan ɗan ƙasa da na mai iƙama ba ɗaya ba ne. Ka nemi rahoto daga asibitin da ke duba shi, ka shiga shafin ma'aikatar ka nema masa tantancewa, a nan za ka ga abin da ya cancanta, har da katin da ke ba da damar ajiye mota a wurin masu naƙasa, wurin da wanda ya tsaya a cikinsa ba hakki ake cinsa tarar riyal 500 zuwa 900. Ko an ba shi rangwame ko ba a ba shi ba, rashin katin bai ba kowane direba izinin barinsa a tasha da tikiti a hannu ba.

Domin ziyara ta gaba, ka duba jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, wanda ke tsayawa a unguwar Sulaimaniyya da filin jirgin sama na Jidda kafin ya wuce Madina, domin tashoshinsa suna da lif kuma akwai wurin da aka ware wa keke, sai dai ka zaɓe shi tun wurin yankar tikiti. Idan kuma bas ɗin za ku sake bi, ka rubuta wa kamfanin kwana biyu ko uku kafin tafiya cewa fasinjan a keke yake kuma yana da ɗan rakiya, ka nemi su amsa maka a rubuce cewa motar ranar ta dace da shi, ka riƙe amsar a wayarka. Wurin miƙa keken kuwa, ka ɗauki hotonsa a gaban yaron kaya, ka cire matashin zama da matakin ƙafa ka shiga da su cikin mota.